Yadda Tabarau Ya Mayar da Ni Dajin Katabu

Salama gare ku, 'yan uwa da abokan arziki. Kun daɗe ba ku ji ɗuriyata a shafin nan ba, har wasu sun fara tambaya ko tsoho ya wuce ne. Ina nan da raina. Abin da ya fito da ni yau, wani matashi na gani ya rubuta wai ganinsa ya ragu amma ba zai sa tabarau ba, kada abokan farautarsa su yi masa dariya. Yaro, gyara zama ka ji nawa.

A shekarun 1950 ne, kafin 'yancin kai. Ina ƙaramin akawu a wani ofishin gwamnati, ina zaune a Badarawa gidan Kawu Iro, ƙanen mahaifiyata, wanda shi ne shugaban mafarautan unguwarmu. Ran Lahadi mu hau kekuna mu wuce Kawo, mu nausa dajin Katabu. Ofis don tuwo nake zuwa. Raina yana daji.

Da ciwon kai abin ya fara. Takarda a gabana ina karanta ta tsaf, amma mutum ya tsaya tsallaken titi, sai ya yi magana nake gane shi. Inna, mahaifiyata, ta ce gajiya ce, ta rambaɗa min kwalli har na koma kamar amarya. Ba abin da ya sauya.

Wata Lahadi na hango abu ja yana motsi cikin ciyawa. Na ce gada ce, na ɗaga adakata na auna. Sai ji na yi Kawu ya make bakin bindigar sama, ta tashi a iska. Ashe Durwa ce, karyar farautarsa, wadda yake ji da ita kamar 'yarsa.

Bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi min ciwo. Cewa kawai ya yi, “Garba, yau kare ne, gobe mutum. Ba ka ƙara bin mu.”

Na yi kuka a kan keke, ba na jin kunyar faɗa. Ga kuma tsoro, don kakata da makanta ta rasu.

Na je asibiti. Na yanki kati, na bi layi, na zauna a benci har ƙafata ta yi sanyi. Malamin asibiti ya ɗiga min magani a ido, can sai komai ya dushe, ko tafin hannuna ba na gani sosai. Na fara salati da ƙarfi. Ya ce, “Malam Akawu, kwantar da hankalinka, aikin maganin ke nan, zai sake ka.”

Likita ya ɗora min wani ƙarfe mai nauyi a hanci, yana sa gilasai yana cirewa, ni kuma ina karanta haruffan jikin bango. Ya sa wani, sai ga haruffan sun fito raɗau, har da ƙudan da ya sauka a kansu. Ya ce, “Ba makanta ba ce. Idonka na kusa ne, nesa ce ta gagare shi.”

Sai zaɓe. Ga baƙin tabarau na rana, likita ya ce da asuba a daji zai ƙara min duhu ne. Ga wani mai kaurin baki, baƙi wuluk, muni kamar me. Ga kuma siriri mai ruwan zinariya, yana walƙiya. Likita ya nuna mai kaurin. Ni kuwa saurayi ne, akwai wadda nake zuwa zance wurinta a Hayin Banki. Na ɗauki mai walƙiya. Kusan rabin albashina ya tafi, aka aika Ikko, na yi ta jira.

Da tabarau ya iso, da ƙyar Inna ta roƙar min Kawu ya yarda a gwada ni. Mafarauta suka yi ta tsiya: “A ba Bature hanya!” Rana na fitowa tabarau ya ɗau ƙyalli, zabin daji suka watse tun ban matso ba. Gumi ya sa yana ta zamewa. Da na harba, adaka ta yi baya da ni, tabarau ya yi nasa wuri. Muka koma farautar tabarau a cikin ciyawa, mu duka, har da karnuka. An same shi, ido ɗaya a fashe.

Na koma wurin likita da wulaƙantaccen abina a aljihu. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya rubuta min mai kaurin. Da ya iso na kai wa baduku ya ɗinka masa igiyar fata, irin wadda ake rataya laya, na ɗaure ta a ƙeya.

Ranar gwaji na biyu, muna tafe shiru, na hango su can gindin wata ɗorawa. Na raɗa wa Kawu, “Zabi, ga su can.” Ya ƙura ido, bai ga komai ba. Karnuka ma ba su sansano ba tukuna. Muka lallaɓa, sai ga su garke guda. Ranar har maƙwabta sun sha romo.

Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan Inna da Kawu, ya saka wa likitan nan da malaminsa da alheri.

Kai kuma matashi, je a auna idonka a asibiti, kada ka sayi na bakin titi. Faɗa wa likita kai ɗan daji ne. Yanzu har akwai na roba marar fashewa, da wanda ake liƙawa a ƙwayar ido, ka tambaye shi wanne zai jure ƙura da gumi. Guji mai ƙyalli, ka ɗaure shi da igiya. In ba ka tantance abu da kyau ba, kada ka harba.

Dariyar abokai kuwa, ƙyale su. A ranar gwaji na biyun nan muna komowa gida, Kawu ya rage gudu har kekensa ya jera da nawa. Ya waiga ya tabbata ba mai ji, sannan ya ce, “Garba, mako mai zuwa kai ne a gaba. Kuma wannan likitan naka, yana duba tsofaffi?”