Kebul ɗin da Dogo ya jona

Ana kiransa Dogo ne don shi ne mafi gajarta a layin masu gyara. Shagonsa na ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai fotokwafi da mai ɗinkin jaka, kuma sai ka sunkuya kafin ka shiga. Da rediyo ya fara, ya koma talabijin, da aka daina kawo su ya koyi kwamfuta yana da shekara arba'in. Yana da ɗabi'u da hannunsa ke yi ba tare da ya sani ba. Kafin ya taɓa cikin kwamfuta sai ya dafa ƙarfen akwatin. Kowane sukuru ya kwance sai ya jera shi a murfin kwalba. In zai kwafi kayan mutum, sai ya juya sikirin ya kalli bango.

Na kai masa kwamfutar ɗana wata takwas bayan rasuwarsa. Haɗarin mota ne, wayarsa ma ta tafi tare da shi. Abin da ya rage shi ne wannan akwatin, da komai yadda ya bari: rubutun digirinsa a buɗe a shafi na sittin da uku, jimla a yanke a tsakiya. Na sa an cire intanet na gidan, amma kullum da safe nakan kunna ta, in duba, in kashe. Sai ta fara wani ƙas-ƙas.

Dogo ya kara kunnensa a jikin akwatin.

"Mama, sau nawa kike kunna ta?"

"Kullum."

"To, ke kike ƙarasa ta. Faifan ajiyar ne, yana juyawa da ƙyar. Ƙila karatu ɗaya ya rage masa."

Ya ce zai kwashe komai zuwa sabon ma'aji, es-es-di, wanda ba ya juyawa. Na ce sharaɗina ɗaya: kada a canza komai. Ko hoton bango, ko inda kibiyar maus ta tsaya in zai yiwu. Bai tambaye ni dalili ba, ni kuma ban faɗa ba.

Kwafin ya ci awa huɗu. Mai fotokwafi ta leƙo ta miƙo mini kujera.

"Mama, kin kawo wa wannan? Rediyona na wajensa tun ina budurwa."

"Ai shi ya sa ya tsufa," in ji Dogo, bai ɗago ba. "Ki je injinki na cin takardar mutane."

A kashi casa'in da ɗaya faifan ya tsaya. Dogo ya kashe fankar shagon don ya ji sosai. Muna zaune cikin zafi har ya sake motsi. Da ya kai ɗari, ya yi ƙara ɗaya ya yi shiru. Dogo ya gwada shi sau biyu, bai tashi ba.

"Ya ba da abin da ke gare shi," ya ce.

Es-es-din bai fi tsawon yatsa ba. Ya kwantar da akwatin, ya dafa ƙarfen, ya nuna mini ramin da ke kan madabod, babban allon da komai ke manne a kai. Ya zura shi a karkace, ya danna a hankali har ya kwanta, ya ɗaure da sukuru ƙarami kamar ƙwayar gero. Sannan ya mayar da murfi, ya jona wuta, sikirin, kibod, maus. Da kebul ɗin intanet na shagon, wanda yake jonawa a kowace kwamfuta in zai gwada ta. Na ga hannunsa ya yi, ban gane abin da na gani ba.

Kwamfutar ta tashi kafin in gyara zama. Komai na nan. Shafi na sittin da uku, jimlar a yanke. Na ce alhamdulillahi.

Sai ta yi ƙara, ƙil. Wani ɗan akwatin saƙo ya fito a kusurwar sikirin. Sai wani. Manhajar hirar da yake amfani da ita ta buɗe da kanta, saƙonni suna shigowa suna hawa kan rubutun. Na ga sunayen abokansa suna wucewa, da ranakun: ranar haɗarin, washegari, wata biyu baya, makon jiya.

Wayata ta yi ƙara. Autata ce, ƙanwarsa, daga wajen aiki.

"Umma." Ta sake kira, "Umma, yana nuna Yaya yana kan layi."

"Ni ce. Muna wajen mai gyara."

"Na rubuta masa, Umma. Yanzun nan. Na ce ina kake."

Na ga saƙon ya shigo.

Dogo ya riga ya gane. Fuskarsa ta yi toka. Ya kai hannu bayan akwatin, na riƙe masa tsintsiyar hannu.

"Bari su gama shigowa."

Muka tsaya har ƙarar ta ɗauke. Saƙo arba'in da bakwai. Sannan ya zare kebul ɗin.

"Mama, ki yafe ni. Wallahi hannu ne. Mai ita…"

"Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa." Ya daɗe yana kallon tsohon faifan. "Zan iya goge su, amma ba za ta koma yadda ya bar ta ba. Wancan kuma ba zai sake karantuwa ba."

Na ce ya bar su. Ya ɗauko mini akwatin har bakin titi, duk da ya kusa rufe masa fuska.

Ban buɗe ko ɗaya ba, har da na ƙanwarsa. Suna nan a kan shafi na sittin da uku, sun rufe rabin jimlar.

Na bi ta layin bayan wata biyu. Kebul ɗin na rataye a ƙusa can sama, inda sai ya taka kujera zai kai. Wani mutum ya ajiye masa kwamfuta a tebur yana bayanin abin da ke damunta. Dogo ya bari ya gama, sannan ya ce, "Alhaji, kafin in taɓa ta. Mai ita yana raye?"