Kakar da Na Shiga Aji da Goyo

Ranar wata Litinin ce, cikin kakar shekarar da na shiga aji biyu, na tafi lakwal, makarantar bokon ƙauyenmu, da ƙanena Habu goye a bayana. Ina da shekara takwas, shi kuma bai daɗe da cika shekara ɗaya ba, amma nauyinsa har kafaɗuna nake jin sa. Na ɗaure shi da majanyi, na yafa tsohon gyalen Inna har ya rufe masa kai, wai don kada Mushe Lawali, malamin ajinmu, ya gane. Ajin namu na zana ne da rufin kara, muna zama a kan tabarmi, kowa da ardwaz, ɗan allonsa na rubutu, a cinya. Na raɓa ta can baya na zauna, sai na ga wata baƙuwar mace a kan 'yar kujera, da tabarau da takalmin roba, tana kallonmu kamar wadda ta zo kallon biki. Mushe ya nuna allo da sanda, duk aji muka ɗauka da ƙarfi: "Be, a, ba!" Muna yin shiru, sai wata 'yar murya daga ƙarƙashin gyale ta amsa, "Ba, ba, ba!" Aji ya fashe da dariya, har wani ya kife a kan tabarma. Mushe ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, bakinsa na rawa, sannan ya ce, "Zainabu, ɗalibi ɗaya aka ba ni daga gidanku. Mai da shi gida, in kin samu mai riƙe shi ki dawo."

Babu mai riƙe shi, kuma Mushe ya san haka. Ƙauyenmu yana ƙasar Kwaya, kuma lakwal takan buɗe daidai lokacin da aikin gona ya kai wuya. Baba da sauran maza suna girbin gero suna ɗaure dammuna, amalanken jakai na kai da komo tsakanin gona da rumbu. Inna da sauran mata tun sassafe sun tafi cirar gyada da roron wake, ba su dawowa sai rana ta karkata. Gonarmu da nisa, ga ƙarangiya, ga zafi, ba wurin ajiye yaro mai rarrafe ba ne. Iya, mahaifiyar Baba, tana gida, amma gwiwoyinta sun gaji. Kafin ta miƙe daga tabarma Habu ya isa bakin murhu. Ni ce 'yar fari, don haka raino nawa ne, kamar yadda sharar tsakar gida da ɗebo ruwa a rijiya da ba awaki dusa suke nawa. Haka abin yake ga 'yan mata da yawa a garinmu. A fara lakwal da su, kaka ta ɗauke su, in sun dawo an wuce su nesa, sai kunya ta hana su sake shiga. Yayar ƙawata Hassana haka ta bari, ga ta da kai. Shi ya sa da na fito daga aji ranar nan, hawaye nake yi na gaske.

Ban yi nisa ba na ji taku a bayana. Baƙuwar nan ce. Ba ta ce in yi shiru ba, sai ta ce ko zan bari ta taya ni ɗaukar malamin da ya fi kowa iya karatu. Na kwance Habu na miƙa mata, kafin mu kai tsamiyar masallaci ya jiƙa mata zane sharkaf. Ta yi dariya har tabarau ya zame mata. A hanya ta gaya mini sunanta Rakiya, 'yar Magariya ce, tana karatu a jami'a can Yamai, an turo ta ta binciki yadda yaran ƙauye ke girma, da wanda ke rainonsu, da abin da ke raba wasu da lakwal. Ban gane rabin maganar ba. Abin da na gane shi ne tana neman masauki, ɗakin Iya kuma yana da gado biyu. Kafin la'asar maigari ya amince, Tanti Rakiya ta zama 'yar gidanmu.

Ba a yi mako ba gari ya raɗa mata suna Mai Tambaya. Ta tambayi mata a bakin turmi, ta tambayi tsofaffi a gindin bishiya, ta bi masu cirar gyada har gona ta dawo da ƙaya a ƙafa. Abin da ya fi ba mutane dariya shi ne zamanta da jarirai. Sai ta shimfiɗa tabarma, ta nuna wa yaro ludayi, ta rufe shi da faifai, ta zuba ido ta ga ko zai ɗaga ya nema. Ta gangara wa wani goruba ta ga ko zai bi. Ta koma bayan wani ta kaɗa ƙwarya da tsakuwa a ciki ta ga ko zai waiwayo. Matan unguwa sukan tsaya da tulu a kai suna cewa, "Allah sarki, karatu ya yi mata yawa, ta dawo wasan yara." Ita ma takan taya su dariya. Mu kuwa muka samu babbar ƙawa. Da yamma, in mun gama aiki, muna koya mata carafke, duwatsun na zube mata ta tsakanin yatsu. Muka yi mata 'yar tsana da kara da tsumma, muka sa ta a gaɗa ta faɗa hannunmu muka kusa zubewa gaba ɗaya. Takan saya mana dafaffiyar gyada, mu kuma mu kawo mata magarya da aduwa, ta tsotsa ta yamutsa fuska.

Tana da wata 'yar rakoda mai kaset da take ɗaukar magana. Ranar da ta fara kunna mana muryoyinmu, Hassana ta ruga bayan rumbu ta ce ba ita ba ce a ciki. Ni kuwa na ji wata yarinya mai siririyar murya tana ba da labarin Habu, sai can na gane ni ce. Tanti takan zaunar da ni ta ce, "Ta yaya kike sanin kukan yunwa da na barci? Me kike yi masa in ya ƙi kunu?" Kafin nan, duk babban da ya yi mini tambaya ya riga ya san amsa, yana so ne ya ga ko na sani. Ita kuwa jira take yi in faɗa, ta gyaɗa kai, ta sake tambaya. Wata rana ta ce, tsakanin Habu da lakwal wanne na fi so. Na tona ƙasa da yatsan ƙafa, sannan na faɗi abin da ke raina.

Da girbi ya kai tsakiya, ta roƙi maigari ya tara mata iyayen yara bayan sallar Juma'a. Kafin taron ta kira mu, mu 'yan matan da raino ya zaunar a gida, ta tambaye mu ko mun yarda iyayenmu su ji abin da muka faɗa. Wasu suka ƙi, ta bar nasu. Ni na yarda. Maza suka zauna a inuwar tsamiya, mata a gefe, mu yara muka laɓe a bayan zana. Ba ta yi dogon jawabi ba. Ta faɗi abin da ta gani a gidaje da gonaki, sannan ta ajiye rakodar a kan turmi ta danna. Muryoyi suka biyo juna, sai ga tawa: "Ina son Habu, ina son lakwal. Amma an ce ba a riƙe su tare." Na leƙa ta ramin zana na ga Baba ya sunkuyar da kai yana juya hularsa a hannu. Inna kuwa, da yake ni 'yar farinta ce, ko sunana ba ta kira saboda kunya, sai ta ja gyale ta rufe fuska ta kau da kai.

Aka yi ta magana. Wani ya ce tun kakanni haka ake raino. Wata ta ce gyada ba ta jiran kowa. Tanti ta ce ita ba ta zo da magani a jaka ba, amma ta lura tsofaffin gari suna wuni kowace a gidanta ita kaɗai, suna tsinkar gyada daga harawa. Iya ta gyara zama ta ce, "To ai mu ko'ina aka ajiye mu tsinka za mu yi. Ku kai mu bakin lakwal ɗin, ku ba mu mace ɗaya mai ƙafa da za ta riƙa kamo masu gudu." Aka kwashe da dariya, amma maganar ta zauna. Aka shirya kowace rana uwa ɗaya ta tsaya tare da tsofaffin, sauran mata su yi mata nata aikin gonar. Ba kowa ya yarda ba. Maƙwabciyarmu Ladidi ta rantse ba za ta bar ɗanta a hannun masu gyangyaɗi ba, kuma ba ta bari ba sai kakar da ta biyo. Washegarin taron Baba ne ya fara kai dirkoki a amalanke, samari suka saƙa zana, kafin magariba rumfa ta tsaya a gefen ajinmu. Ranar da zan koma lakwal na tarar an ƙulle mini soyayyar gyada a bakin zanena. Na dubi Inna, ta ci gaba da daka.

Ranar farko kukan rumfa ya danne karatun aji. Ɗaya ya fara, sauran suka ɗauka, har Mushe Lawali ya ajiye sanda ya ce mu rera waƙar da muka iya, ko za su ji muryoyin yayyensu su yi shiru. Suka yi kuwa. Daga nan abin ya daidaita. Tsofaffi suna jere da ƙwarya a gaba, hannu na tsinka, baki na tatsuniya da tsegumi, yara na rarrafe a tsakaninsu suna wasa da ɓawon gyada. Da an buga ƙarfen hutu sai mu ruga, kowace ta ɗauki nata, a ba su kunu, a share musu hanci, mu sha furar da Iya ta dama mana. A rumfar nan Habu ya fara tafiya. Muna tsakiyar lissafi muka ji guɗa, muka waiwaya, ga shi ya saki zanen Iya ya nufo ƙofar aji, hannuwa a sama, yana tangaɗi kamar ɗan maraƙi. Mushe da kansa ya durƙusa ya tare shi, aji duka muka yi ta tafi.

Da sanyi ya shigo Tanti Rakiya ta haɗa kayanta. Mata suka cika mata buhu da gyada da kuka da wake, har mai babur ɗin da zai kai ta Magariya ya ce sai dai a zaɓa, ko ita ko tsaraba. Muka bi babur ɗin da gudu har bayan gari. Rumfar ta yi shekaru ana sabunta ta duk kaka. Ba dukanmu muka kai ƙarshe ba, amma ni da Hassana mun ci sartifika, muka wuce kwalej.

Yanzu ina koyar da ƙananan yara a wani jardan, wato makarantar share fage, a Magariya, ɗaki na siminti mai lilo a tsakar fili. Habu ya zama magidanci, yana jigilar kaya a babur zuwa kasuwannin bakin iyaka. Masu bincike har yau suna zuwa wurinmu, da wayoyi a hannu, mutanen kirki ne, amma kafin azahar motarsu ta juya. Iya da ƙawayenta duk sun riga mu gidan gaskiya, a gurbin rumfarsu kuma an gina aji na bulo. Ban taɓa ganin abin da Tanti ta rubuta a kanmu ba, ban kuma san inda rayuwa ta kai ta ba. In na je gida lokacin girbi nakan tsaya a bakin lakwal in daɗe ina sauraron yara. Mun taso cikin hannuwa da yawa, kuma ba mu san gata muke ciki ba.