Shuɗiyar Ƙwayar Hajo

Ban taɓa mantawa da ranar da Malam Gado na Tibiri ya kusa ɗaga mana rufin farmasi ba. Lokacin ni ke miƙa magani a wani asibiti nan Dogon Dutsi. Sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka abin da na koya da wahala ba na barin kowa ya taka shi.

Matarsa Hajo ta dawo daga Yamai da sakamakon gwaji: hawan jini na huhu. Daga gado zuwa randa sai ta tsaya tana haki. Lokotoronmu, wato likitan asibitin, ya kira ni ya yi mini bayani, domin ƙa'idarmu ita ce mai miƙa magani ya san dalilinsa. Ya ce bangon jijiyoyin huhu ƙwayoyin halitta ne, kuma akwai sinadarai da ake kira anzim masu ba su oda: ke ƙaru, ke kuma mutu. Ga Hajo odar ta rikice, ana ta ƙaruwa ba a mutuwa, hanyar jini ta tsuke. Maganin zai taka wa anzim guda birki, jijiya ta saki.

Abin da bai koya mini ba shi ne yadda zan yi da mijin.

Da suka zo karɓar maganin, Malam Gado na ganin shuɗiyar ƙwayar ya gane ta, irin ta ƙarfin maza da ake saye a ɓoye a tasha. Ya sunkuyo ya rage murya: "Madam, ita ta hwaɗa muku?"

Na ce, "Ta hwaɗa mi?"

Sai ya fashe: "Ƙarya ta kai mini! Lahiyata lau! Ku tahi Tibiri ku ga ɗiyana!" Duk mutanen da ke layi suka juyo. Ya ture kwalin, ya ce wa Hajo ta tashi su tafi. Na san in ta fita hannu wofi, ba lalle ta ga kaka ba.

Na zagayo na tare ƙofa. Na ce, "Malam, in kowace shekara ana yaɓe bangon lungu ba a kankare tsohon ba, jaki na wucewa?"

"A'a."

"To haka jijiyar huhunta take. Maganin nata ne. Kai babu wanda ya tambaye ka, kai ka yi shela."

Hajo ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Malam ya ɗauki kwalin yana jujjuyawa, can ya ce a hankali, "To in mutum ya ɗanɗana guda, don ya tabbata ba ta cutar da ita ba hwa?"

Na fizge kwalin, na ƙulle wa Hajo shi a bakin zane da hannuna.

Yanzu da ƙafarta take zuwa karɓar magani. Shi kuwa daga tsallaken titi yake gaishe ni. Ku sababbin shiga wannan aiki, ku riƙe wannan: sunan mutum ɗaya ke kan ordonansi, wato takardar magani, amma sau da yawa mai rakiya ya fi mara lafiya wuyar jinya.