Littafin da Ya Yi Ƙamshin Ruwa

Jiya a kasuwar Cadawa na ɗauki wani tsohon littafi, sai na ga ina sunsuna shi. Halin Kawu ne, Allah ya jiƙansa. Tsohon malamin lakol ne, wato makarantar boko, a Agiye, mai sayen littattafan gwanjo na Amirka masu labarin daji da koguna, kuma ba ya saye sai ya sunsuna.

Shekarar babban fari, hatsin iri kaɗai ya rage mana, Inna tana so a daka. Kawu yana kwance ba lafiya, ya miƙo mini wani littafi.

"Ɗana, sunsuna."

Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na ji, takardun da sanyi, alhali babu ko gajimare a sama.

"Kawu, ƙila laima ce kawai."

"Daga ina ta zo? Ku shuka, kada ku ci."

Muka shuka a busasshiyar ƙasa. Ranar da muka kai shi makwanci, ba mu gama rufe kabarin ba ruwa ya sauko.

Har yau ban iya cewa ga dalili ba. Littafin jiya warin tsufa kawai yake. Allah ya sanyaya kabarin Kawu kamar yadda ya sanyaya gonarmu.