Hannun Hagun Agogo

Agogo muke ce masa tun muna makarantar mishan, domin kafin a kaɗa ƙararrawar safe ya riga ya tsaya a layi. Aji ɗaya muka yi, benci ɗaya. Mu muna filin ƙwallo, shi yana ɗakin waƙa gaban tsohon piyano, yana buga ƙafa a ƙasa. Da ya girma ya zama malamin waƙa, kuma duk yaron da ya shigo baiti a makare, kallo ɗaya ya ishe shi. A ƙungiyar mawaƙa ya sami matarsa, wadda muke kira Kanari. Ita waƙa, shi kiɗa, har furfura ta rufe su.

Bara shanyewar ɓarin jiki ta karɓe masa hannun hagu. Ya miƙe, magana ta dawo, amma ya lulluɓe piyanonsa da zane. "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka," in ji shi, "balle waƙa."

Autarsa, wadda aikinta naɗar sauti ne, ba ta yarda ba. Ta kawo masu gyara suka sa 'yan injuna a ƙarƙashin maɓallan piyanon, ta haɗa shi da kwamfuta. Ta lallaɓi uban ya kaɗa rabon kiɗan hannun hagu da hannunsa na dama, manhaja ta riƙe, don piyanon ya riƙa maimaita shi da kansa. Sannan ta zuba muryar uwarta daga wani tsohon kaset, na tun lokacin da muryar ke hawa sama. Uban ya ce gwaji ɗaya zai yi. In bai yi ba, a mayar da zane.

Ina falon ranar. Murya ta fito daga lasifika, siririya, tas da ita. Maɓallan hagu suka fara lotsawa babu mai taɓa su, har na ɗan janye kujerata. Sai dai kiɗan yana biyo muryar a baya, kamar mai jan ƙafa. Agogo ya rasa wanda zai bi, murya ko piyano. Ya ɗauke hannu.

"Rufe shi, Auta."

"Yau na ga abin da ban taɓa gani ba," in ji Kanari. "Malam ya makara! A kira maƙwabta."

"Ba ni ba ne, injin ne."

"Yaran ajinka ma ai ba su rasa hujja ba. Ka taɓa saurara musu?"

Auta ta ce, "Baba, ka ba ni dama. Muryar Mama nan take take fitowa. Shi kuwa piyano sai inji ya tura maɓalli, maɓalli ya ɗaga guduma, guduma ta doki tsirkiya. Tafiya ce a gabansa."

Ta sa makirfo a cikin piyanon, ta umarci injin daga kwamfuta ya buga sauti guda. A fuskar kwamfuta muka ga tazarar da ke tsakanin umarni da ƙara, 'yar mitsitsiya. Ta kama rabon hagun duka ta matsar da shi daidai wannan tazarar.

"Yanzu zan riƙa aikensa tun kafin lokaci," ta ce.

"Wato ƙarya za ki yi masa," in ji Agogo. "Kamar yadda nake wa mamanki in za mu unguwa, in ce mota na ƙofa alhali direba bai ma yi wanka ba."

"Au!" in ji Kanari. "Ashe shekara da shekaru..."

"Mama, shiru, ana naɗa!"

Murya ta sake tashi, kiɗan hagu ya faɗo a kanta daram. Agogo ya shigo da hannun dama. Ban ji wannan waƙar a cike ba tun kafin ciwonsa, kuma ban ɓoye hankicina ba. A baiti na biyu ya ce da matarsa, ba tare da ya juyo ba, "Ɗago mini shi."

Kanari ta ɗago shanyayyen hannun ta ɗora a kan maɓallan da ke motsi, ta riƙe masa shi a can. Yatsun suna sauka suna tashi tare da su. Ta fara bin muryar ƙuruciyarta da ke cikin lasifika da muryarta ta yanzu, ƙasa-ƙasa.

Da aka kai ƙarshe Auta ta miƙa hannu za ta kashe.

"Wa ya ce an tashi?" in ji Agogo. "Daga farko."