Ranar da Kawu ya ce hannunshi na rawa

Jiya na zubar da ruwan tulu bisa yashi mai zafi, ƙanshin ya tuno mini da Kawu. Shi ke kula da 'yan kokowar garinmu zamanin soja. Kullum faɗa yake musu, “Ku sha ruwa tun ƙishirwa ba ta zo ba.”

Wata bazara, ran kasuwar Bonkuku, ɗana na fari ya kada abokin karonshi, sai shi ma ya zube, jiki kamar garwashi. Maza sunka ce sammu ne, a lulluɓe shi a yi mishi hayaƙi. Ni ina tsaye nesa. Ɗan fari ne, kunya ta hana ni matsowa.

Kawu ya ture kaskon wuta. “Rana ce, ba sammu ba! Ku kai shi inuwa.” Sannan ya daka mini tsawa: “Ke, hannuna na rawa, zo ki zuba mishi ruwa.”

Wallahi hannun Kawu bai taɓa rawa ba. Na durƙusa ina jiƙa wuyan ɗana da hammatarshi har ya buɗe ido ya ce, “Inna, na kada shi?”

Allah, ka sanyaya wa Kawu makwanci, ka sa shi inuwarka ranar tsayuwa.