Motar Majo da Zanen Jam'iyya

Mijina majo ne, wato babban nas, a wani ƙaramin asibiti cikin garin Tawa, kuma a shekarun da nake magana yana da mota. Na ce mota ne don ban san wani sunan da zan ba ta ba. Wani likita Bature ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu, shi ma in ka dube ta da kyau, wurin kakansa ya gaje ta. Launinta ruwan madara, fitilunta kamar idon kwaɗo, rufinta na tamfol da ake naɗewa baya. Makulli kaɗai ba ya tada ta, sai an zura wani lanƙwasasshen ƙarfe ta hancinta an murɗa har gumi ya keto. Duk ƙasar Adar babu irinta, kuma ban taɓa jin wanda ya yi kukan rashin irinta ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar ake fita da ita. Majo zai wanke ta, ya goge, ya sa farar riga, ni kuma in zauna gefensa kamar matar gwamna, mu je bakin tabki mu dawo. Jakunan masu ɗebo ruwa suna wuce mu a hanya. Shi dai murmushi yake, yana ɗaga wa mutane hannu, yana ce mini in saurari yadda injin yake numfashi. Da darajar kuɗinmu na sefa ta faɗi, nama ya bar miyarmu, sukari ya koma na baƙi, amma kwalbar esansinta, wato fetur, ta Juma'a ba ta taɓa fashi ba. Wannan ya ƙona mini rai, kuma ban ɓoye masa ba.

Sai zaɓe ya ƙarato, jam'iyyu suka cika gari, kowane lungu da tutarsa. Nan aka gano amfanin motar da ba ta da rufin kirki: ɗan takara zai iya tsayawa cikinta yana ɗaga hannu, kuma tunda ba ta sauri, kowa zai gan shi ya ƙoshi. Jam'iyyu uku suka aiko a ba su aronta. Majo ya dafa wa kowace tawaga shayi, ya ce motar ba ta da lafiya. Shi ma'aikacin lafiya ne, wa zai yi masa musu?

Ni kuwa tsoro ya kama ni. A gidajen biki matan ma'aikata ba su da zance sai na canjin wurin aiki: wanda ba shi da jam'iyya, ko tasa ta faɗi, daji za a jefa shi. Yaranmu uku suna lakkol, makarantar boko, a Tawa, uwar Majo tana wurinmu, ƙafafunta sun ƙi. In an ɗauke shi, gidan ya rabu biyu. Na ce tunda shi mota kawai ya sani, ni zan yi mana siyasar.

Hanyar da na bi na gano wanda zai ci zaɓe, har yau ina jinjina wa basirata. Zane na ƙirga. Kowace jam'iyya tana raba wa mata zane mai tambarinta, ni kuma duk inda ake suna ko buki sai in zauna kusa da ƙofa ina lissafin wane ya fi yawa a ƙugun mata. Na bi Tawa unguwa unguwa, har Barmu na je wani suna. Jam'iyya ɗaya ta yi wa sauran fintinkau. Ba zan faɗi launinta ba, masu ita suna nan da ransu.

Na sa Majo gaba sati biyu. Na kawo masa zancen yara, na kawo na tsohuwa, na ce ya fi son ƙarfe da mutane. Wannan ta ƙarshen ce ta same shi. Sai ya ce, "To, Madam, a ba su. Amma ki hwaɗa musu kada su taɓa mata fenti."

Na faɗa musu. Suka rantse.

Bayan kwana uku aka turo ta gida, don esansi ya ƙare musu a tsakiyar taro. Tun daga hanci har wutsiya an shafe ta da launin jam'iyya, da irin fentin da ake yi wa ƙofar shago, ga tambari a kowace ƙofa. Ni aka kawo mini tukwicin turmin zane. Majo ya zagaya motar sau ɗaya, ya taɓa fentin da yatsa, ya shiga ɗaki. Bai ci tuwo ba ranar.

Aka yi zaɓe, jam'iyyata ta sha ƙasa. Na je wurin maƙwabciyata, wadda ta fi kowa yawo da zanen, na tambaye ta yaya aka yi haka. Ta buɗe akwatinta ta nuna mini na jam'iyyu huɗu a jere. Ta ce ai namu ya fi fita a buki ne don ba ya zuba in an wanke. Ashe wata biyu ina auna ingancin rini.

Ma'aikata da yawa sun yi ta rantsuwa cewa su tun asali suna tare da waɗanda suka ci. Mu ba mu samu wannan damar ba, shaidarmu tana fake ƙofar gida, ana hango ta daga bakin titi. Ba a daɗe ba takarda ta zo: an mai da Majo Takanamat, can cikin daji. Hanyar can rairayi ce, motar kuwa cikinta kusa da ƙasa yake, ko rabin hanya ba za ta kai ba.

Na jira ya ce ni na jawo. Na shirya amsoshi, masu kyau ma. Bai ce ba, kuma wannan ya fi mini zafi da zagi. Safiyar da zai hau motar kasuwa, ya sallami tsohuwa, ya shafa kan yara, sannan ya ɗauko lanƙwasasshen ƙarfen nan ya miƙo mini.

"Ran Juma'a ki tashe ta, ko kaɗan ne," ya ce. "In anka bar ta shiru, lalacewa takai."

Shekara uku ya yi can, yana zuwa mana jefi-jefi. Kowace Juma'a bayan la'asar nakan sayi kwalbar esansi daga kuɗin cefane, in ɗaura ɗamara in murɗa ƙarfen har ta kama, in zauna a kujerar da na saba, ta direba kuwa babu kowa. In ta yi shiru sai in ɗauki cokali in ci gaba da kankare fentin, kaɗan kaɗan, har ruwan madarar ya fara leƙowa. Turmin zanen nan kuwa na yayyage shi tsumma, da shi nake goge ta. Gaskiyar maƙwabciyata, bai taɓa zuba ba.